Da Mahaifiyata Ta Daina Kallon Fuskata

Shekarun baya, kamar bakwai ko takwas ke nan, mahaifiyata ta kamu da abin nan da muke kira gigin tsufa. Na daɗe ina so in ba ku labarin, sai in ɗauki waya in fara, in sake ajiyewa. Yau dai na tashi aiki da wuri, na wanke hannu, bari in daure in rubuta.

Waɗanda suka san ni sun san mahauci ne ni. A Abatuwa, mayankar Jos, na koyi riƙe wuƙa, a can nake har yanzu. Gidanmu kuma yana Nasarawa Gwom. Mu shida mahaifiyata ta haifa, ni ne na fari. Kun san yadda iyayenmu na da suke yi da ɗan fari. Ba ta kama sunana, ba ta zama inda nake, ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata. Amma wannan duk ina yaro ne. Bayan mahaifinmu ya rasu na dawo na riƙe gidan, sai abin ya saki. Sunan dai ba ta taɓa faɗa ba, "yayanku" take cewa in tana magana da ƙannena. Ban da wannan, fiye da shekara ashirin muna zama a tabarma ɗaya muna hira. Ta yi mini faɗa in na kawo nama mai ƙashi, ta tsokane ni a kan tumbina, ta ce wai ni nake cinye ribar. Ni kaina na manta an taɓa yin wata kunya a tsakaninmu.

Ciwon ya shigo a hankali. Ita mai masa ce, ta daɗe tana suya a ƙofar gida. Sai aka fara ganin ta jiƙa shinkafa da safe, an jima ta sake jiƙa wata, kafin la'asar roba uku a jere. Ta yi sallar azahar ta sallame, ta miƙe ta sake tayarwa. Wata rana ta tambayi ƙanwata, wadda take kula da ita, ko mahaifinmu ya dawo daga kasuwa a kai masa ruwa. A ranar muka san abin ya wuce mantuwar yau da kullum.

Labari ya bazu, aka fara zuwa dubiya. Allah ya saka wa mutane da alheri, sun zo, har daga Dilimi da Bukur. To amma kun san yadda muke yi. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya kusanto da fuskarsa, ya ɗaga murya kamar kurma aka ce masa, ya ce, "Inna, kin gane ni? Wane ne ni?" Ita kuma ta zuba masa ido, ta yi 'yar dariya, ta kira wani suna. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kira wanda ya daɗe a kabari. A yi salati, a girgiza kai, a fita, wasu su shigo.

Wannan duk na iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne yadda ta koma yi mini. Kowa tana kallonsa ido cikin ido, ko ta gane shi ko ba ta gane ba. Ni kuwa da na yi sallama na ɗaga labule, sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Ko gaisuwata ba ta amsawa sai da "uhm". Matar da jiya-jiya take mini tsiya a kan tumbi! Wallahi abin ya ci mini rai. Na ce a zuciyata, autanmu tana dacewa da sunansa, mai kawo mana gawayi ma tana yi masa dariya, ni da na riƙe gidan nan ni ne aka fara sharewa? Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in san ko uwata ta san ni.

Sai na ƙirƙiro magani da kaina. A tunanina ƙwaƙwalwa kamar wuƙa ce, in ba a wasa ta sai ta dakushe. Kun ji likitan Abatuwa. Kullum da hantsi in na taso daga kwata, in gasa mata hanta in naɗe a takarda, in zo in tsuguna a gabanta in ce, "Inna, dube ni. Wane ne ni? Faɗi mana." Ta kau da kai, in maimaita. In zagaya ta inda ta juya, ta sake juyawa. A sanyin Jos na damina, mutum yana cikin rigar sanyi, sai in ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, tana jan carbi da sauri. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, don Allah ka bari. In ka fita yini take ba ta zauna ba, tana ɗaure kaya tana kwancewa, abinci ma ba ta ci." Na ce mata ke me kika sani, ai alamar maganin yana aiki ke nan.

Wata Asabar na tara ƙannena duka, na jera su a ɗakinta, na ce yau sai an yi ta ta ƙare. Ta duba su ɗaya-ɗaya, ta dace da biyu, ta rikita uku. Aka zo kaina ta juya. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Haba Inna! Ni ne fa! Ni!" Sai numfashinta ya fara fita sama-sama, ta dafe ƙirji, ta zame gefe ɗaya. A keke mai ƙafa uku muka kai ta asibiti, ni da ƙanwata, ina riƙe da ƙafafunta ina salati.

Allah ya taimaka ba zuciya ba ce. Zuwa azahar ta natsu. Likitan da ya gan ta dattijo ne mai furfura, yana magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Sun maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, yana nuna bugun zuciyarta a jikin na'ura. Ya tambayi yadda abin ya faru. Ni da iyayi, na ce bari ma in nuna maka, likita. Na matsa na ce, "Inna, wane ne ni?"

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Malam, kar ka dube ta. Dubi na'urar."

Na duba. Lambar tana hawa, tana hawa, ƙarar tana ƙara sauri. Ban taɓa ta ba, ban zage ta ba, kalma huɗu kawai na faɗa. Ya ce in fita in tsaya a baranda. Da ya kira ni bayan ɗan lokaci, lambar ta sauka.

Ya zaunar da ni a ofishinsa ya tambayi sana'ata. Da na ce fawa, sai ya yi murmushi ya ce to aikinsa ya yi sauƙi. Ya ce, "In aka kora sa, aka yi ta dukansa, ya firgita ya galabaita kafin a yanka, yaya namansa yake?"

Na ce, "Ai ko makaho ya sani, likita. Duhu yake yi, ya yi tauri, kuma ba ya jimawa a tebur."

Ya ce, "Me ya shiga cikin naman? Tsoro ai ba abu ba ne da za ka riƙe a hannu."

 Shekara talatin ina ganin wannan, ban taɓa tambayar kaina ba.

Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu a cikin kitse. In mutum ko dabba ya firgita, ƙwaƙwalwa takan aika masa saƙo, shi kuma ya zuba wasu sinadarai a cikin jini, ɗaya daga ciki sunansa kotisol. Ya ce abin rahama ne, shi yake ba mutum ƙarfin gudu ko tsayawa in haɗari ya zo. Ko ba tsoro ma, yakan ƙaru da safe ya tashe mu, ya ragu zuwa yamma mu samu hutu. Kuma in haɗarin ya wuce, akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da yake taka masa birki ya ce ya isa haka.

Ya ce, "Ga inda nake so ka saurara. Sashen da yake taimakawa wajen taka birkin nan, shi ne kuma yake ajiye mana abin da ya faru ɗazu da jiya. Kuma shi ne ciwon mahaifiyarka yake fara ci. In ya raunana, birkin ya saki, sinadarin ya hau ya ƙi sauka da wuri. In kuma ya daɗe a sama, yana ƙara gajiyar da wannan sashen. Ka ga abin zagaye yake yi."

Na ce, "Wato ni na sa mata ciwon?"

Ya ce a'a, kar in ɗora wa kaina wannan. Ciwon yana da dalilai da yawa, wasu an sani, wasu har yanzu ana nema, ba wanda zai ce damuwa kaɗai ce. Ya ce, "Amma ni da kai in aka tsorata mu, an jima mun manta mun ci abinci. Ita tana manta tambayar cikin minti kaɗan, jikinta ne ba ya mantawa. Sai ta yini a firgice ba ta san abin da ya firgita ta ba. Ba ni da maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Abin da za ku iya shi ne ku daina yi mata jarrabawa. Duk mai shiga ya faɗi ko shi wane ne, kar ya tambaye ta."

Washegari a wajen aiki, da aka fede sa aka fito da kayan ciki, na ce a bar mini wajen ƙodar. Na sa yatsa a cikin kitsen na lalaba. Ga shi nan kuwa. Bai kai babban yatsana ba. Sau dubu nawa na yanke shi na wurga wa karnuka, ban ko san yana da aiki ba. Na tsaya da shi a tafin hannu, jini har gwiwar hannu, ana ta hayaniya ana sara ƙashi a bayana. Wai wannan ɗan abin ne yake jin an ce "wane ne ni" a wani ɗaki, ya juya jinin tsohuwa gaba ɗaya. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera mu. Abokin aikina ya ce, "Oga, lafiya kake magana da kitse?" Na ce masa ya ci gaba da aikinsa.

Muka bi maganar likita. Ƙanwata ta zama mai gadin ƙofa, duk mai dubiya sai ta ja masa kunne kafin ya shiga. Wasu sun ji haushi, wata gwaggonmu ma ta ce boko ya shiga gidan. Mahaifiyata kuwa ta fara cin abinci, ta rage ɗaure kaya. Ni ma na daina tambaya. Ina shiga in ce, "Inna, ni ne babban ɗanki, ga hanta," in ajiye in fita. Har lokacin juya mini fuska take yi. Na haƙura a baki, amma a ciki ban haƙura ba. Na riga na yanke cewa na fita daga kanta, kuma ko ta taɓa tuna ni, mutumin da yake firgita ta kawai take tunawa.

Akwai maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yar asalin Filato ce, Kirista, sa'ar mahaifiyata, tun kafin a yaye ni suke tare. Da Sallah mu kai musu, da Kirsimeti su kawo mana. Duk wannan abin da ake yi ba ta nan, ta tafi ƙauyensu girbin dankali ta daɗe. Da ta dawo, kullum tana ɗakin mahaifiyata, ba ta tambayarta komai, sai dai ta zauna tana tsince shinkafa suna 'yan maganganunsu.

Wata rana na ajiye hanta na fito, na tsaya a zaure ina gyara takalmi, sai ga ta ta biyo ni. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta ce, "Kai, oga mai nama, tsaya. Me ya sa kullum fuskanka kamar an mutu?"

Na ce, "Mama, ai kin gani. Kowa tana kallo, ni ta manta ni."

Ta riƙe haɓa ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Babban mutum da kai, ba hankali. Wanda bai san ka ba, me zai sa ya ɓoye maka fuska? Ni da ba Bahaushe ba na gane, kai ɗan gida ba ka gane ba?"



Ta ce, "Lokacin da kakanka yake kawo ka gidan nan kana ƙarami, haka mamanka yake yi. Ya ja mayafi, ya juya bango. Daidai haka. Yanzu kansa ya koma wancan lokaci, shi ya sa yana tambayan babanka. A wajensa shi yarinya ne, kai kuma ɗan fari."

Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙunshi. Takardar da na naɗo hanta ce, an yage rabi. Ta danƙa mini a hannu, da sauran ɗuminta.

Ta ce, "Kana fita ya raba biyu, ya ce, 'Ki ba yaron nan, bai ci komai ba. Kar ki ce ni ce.' Kwana huɗu ke nan yana ba ni, ni kuma ina ci abina, na ɗauka ka sani." Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce, "Masa da nake ba ka ta katanga kana yaro, ka taɓa ganin ina suyan masa?"

Jama'a, ban taɓa ganinta tana suyar masa ba. Shekara arba'in da wani abu ina yi wa matar nan kallon mai kyauta, ina gaya wa 'ya'yana kirkinta, ban taɓa tambaya ba. Na zauna a dakalin zaure. Ni da nake kayar da bijimi, na yi kuka har da majina, tsohuwa tana bubbuga mini baya tana cewa in yi a hankali kar a ji a ciki.

A nan na gane abin da na yi wata da watanni. Mace ce da ciwo ya kwashe mata kusan komai, ya bar mata abu ɗaya da aka koya mata tana amarya, cewa ba a kallon ɗan fari, ba a kama sunansa. Ni kuma kullum in zo in tsuguna in ce sai ta karya shi, wata rana ma a gaban ƙannena. Ba ta da bakin da za ta yi mini bayani, sai jikinta ya yi, da gumi da lambar nan da na gani tana hawa. Amsar da nake nema tana ba ni ita kullum, ni ne ban iya karantawa ba.

Daga ranar na canja wajen zama. Ba na shiga ɗakin sai da dalili. Nakan shimfiɗa buhu a bakin ƙofa ta waje, in jingina da bango, in yi ta ba ƙanwata labarin kasuwa da ƙarfi, wane ya sayi me, wane sa ya tsinke igiya. Ƙanwata ta ce in ina magana, carbin yakan tsaya a hannunta, tana saurare. Wani lokaci har ta yi murmushi a cikin mayafi. Hantar kuma na koma kawo biyu, don maƙwabciyarmu ta ce ita ma ba za ta yi aikin aike a banza ba.

Ba ta warke ba, kar wani ya ce na ce ta warke. Ciwon ya ci gaba da tafiyarsa. Amma ta samu natsuwa, tana ci, tana barci, ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni a tare da mu. A hankali sunayen suka ƙare, har na autan. Daga baya maganar ma ta ƙare.

Har yau in na ga an shiga dubiya ana cewa tsoho "ka gane ni?", sai in ja mutum gefe in roƙe shi. A wajen aiki kuma ba a dukan dabba a gabana, har suna mini tsiya wai na zama limamin shanu. In na ci karo da ɗan ƙullutun nan a cikin kitse, nakan ɗan dakata kafin in yanke. Na kasa sabawa da shi. Na je makarantar allo, na ji wa'azi iri-iri a kan ikon Allah, amma ban taɓa jin tsoronsa da girmansa ba kamar ranar da na riƙe abin nan a hannu, da ranar da aka miƙo mini rabin hanta a zaure.

Mutane sukan tambaye ni ko ta san ni kafin ta rasu. A makonta na ƙarshe kowa ya shiga kallo ɗaya take masa, ɗa da baƙo duk ɗaya, ido a buɗe ba komai a ciki. Ranar Alhamis da hantsi ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ka shigo, jikin ya yi nauyi." Na ɗaga labule na yi sallama. Hannunta ba shi da ƙarfin ɗaga cokali a lokacin. Ina kallo ya motsa a kan bargo, ya lalubo bakin mayafi, ya ja shi kaɗan-kaɗan har ya rufe gefen fuskarta. Sannan ta juya wajen bango.

Na ce, "Na gode, Inna." Na koma bakin ƙofa na zauna.